Bakan Farko Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Idan kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe a ƙasar Gwarzo da Kabo, galibi sai sha'awar farauta ta motsa wa samarin Sabon Birni da ƙauyukan da ke kewaye, kuma da yake adaka tana bukatar albarushi da izinin hukuma, ga tsada, mai ƙaramin ƙarfi ba shi da abin da ya fi masa kwari da baka. Kada wani ya raina wannan makami, domin a Tabkin Kwatto, cikin shekarar 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda akasarinsu 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa, su suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa.

Aibin sabon shiga shi ne ɗokin baka mai tauri irin na manyan maharba, alhali kuwa abin da zai fara nema bai wuce zomo da fakara da zabon daji ba, waɗanda saiti suke bukata fiye da ƙarfi. Bakan da ya dace da shi shi ne wanda zai ja a hankali, ya riƙe gwargwadon numfashi uku hannunsa bai yi rawa ba. Na gora ya fi araha da sauƙin ja, na ɗunɗu ko dargaza ya fi ƙarko, amma kowanne aka zaɓa, sharaɗin farko shi ne itacen ya bushe sarai, domin ɗanye yakan lanƙwashe ya ƙi komawa. Sai mai saye ya riƙe shi a tsakiya, ya ja tsarkiya, ya duba ko sama da ƙasa suna tanƙwaruwa daidai wa daida, ya kuma kasa kunne ko zai ji ƙarar tsagewa. Sa'an nan ya buga shi a tafin hannu, in ya ga wani lallausan gari yana zubowa daga ƙananan huda, to ƙwaro ya riga shi, ya ajiye ko da kyauta ne. Jar fata da tuntaye da ake naɗa wa baka kuwa, a ganina, israfi ne ga wanda kuɗinsa ƙidayayyu ne.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne kibau, domin kibiyar Bahaushe ba ta da gashin tsuntsu a gindi kamar ta Turawa, saboda haka miƙewar kyauro da nauyin ƙarfen da ke bakinta su kaɗai ke tsare mata hanya. Gara mutum ya je wurin maƙeri da kansa, ya sa a ƙera masa 'yan kaɗan masu nauyi ɗaya, ya mirgina kowane kyauro a kan tabarma ya ga ba ya tsalle, da ya cika kwari da tarkacen da kowace take nufar gabanta. Ya haɗa da tsarkiya ta biyu, don ba ta sallama in za ta tsinke.

Dafi kuwa, wanda ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani, ya bar wa Sarkin Baka da mutanensa, saboda haɗarinsa ga mai shi, da kuma mas'alar fiƙihu, domin a Muhtasar na Halilu an lissafa abin da aka harba da makami mai dafi ya mutu cikin abin da ba a ci. Risala kuma ta karhanta farauta don wasa kawai, ta shar'anta ambaton sunan Allah yayin sakin kibiya, da yanka abin da aka riska da ransa; don haka wajibi ne, tun ana cinikin baka, a rage kuɗin wuƙa mai kaifi.