Yadda hanji ke tsotse ruwa, da dalilin da ya sa kwalara ke kisa

A ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo na yammacin jihar Kano, inda madatsar ruwa ta Challawa take, ƙauyuka da dama na dogaro ne da rijiyoyi da rafuka. Da damina, ruwan sama kan kwaso ƙazanta ya zuba a cikinsu, lokacin da aka fi fargabar ɓarkewar amai da gudawa ke nan.

A shekarar 2021 fiye da mutane 3,000 ne kwalara ta hallaka a Nijeriya, kuma Kano na cikin jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna.

Aikin hanji

A kowace rana kimanin lita 9 ta ruwa ce ke bi ta hanjin baligi. Lita 2 ce kawai daga ci da sha. Sauran kuwa jiki ne ke samarwa, kamar miyau da ruwan tumbi da na matsarmama da na hanjin kansa, domin narkar da abinci.

Ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, shi ke tsotse sinadaran abinci da akasarin wannan ruwa. Babban hanji ya tsotse ragowar, ta yadda abin da ke fita da bayan gida bai wuce cikin ƙaramin kofi ba.

Dafin ƙwayar kwalara kan juya wannan tsari, ya sa hanji ya riƙa kwararar da gishiri da ruwa. Majinyaci na iya asarar lita guda a sa'a ɗaya, ya kuma rasu cikin yini.

Gishiri da sukari

Sai dai akwai ƙofar da dafin ba ya rufewa. A 1960 masani Robert Crane ya bayyana cewa hanji na ɗaukar sukari da gishiri ne a tare, ruwa kuma ya bi su.

A kan haka aka gina maganin ORS, wanda likita Dilip Mahalanabis ya ceci ɗimbin 'yan gudun hijirar Bangladesh da shi a 1971.

Idan ba a samu na leda ba, ana zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta tafasasshen ruwan da ya huce. Idan majinyaci ya kasa sha, ko ya galabaita, sai a garzaya da shi asibiti domin ƙarin ruwa.