Kifin Kaf Ba Kullum Yake Ƙasan Ruwa Ba

Kifin nan da ake kira kaf baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga Asiya da gabashin Turai ne. A shekarun 1950 aka kawo shi gonar kifi ta Panyam, kusa da Mangu a Jihar Filato, domin yana jure sanyin tudu. Yana da manyan ɓawo da gajeren gashin baki guda 4. Bakinsa yana miƙewa ƙasa, shi ya sa yakan tona laka yana neman tsutsa.

Saboda wannan hali nasa, masu fatsa da yawa sukan jefa ƙugiya har ƙasa, su yini suna jira, su koma gida hannu banza. Sai su ce kifin ya ƙare, alhali yana nan yana yawo bisa ƙugiyar.

Me ke tashe shi daga ƙasa?

Na fari, iska. Kifi yana shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa. Da zafi, ruwan sama yakan yi ɗumi, na ƙasa kuwa ya kwanta da sanyinsa, ba sa garwaya. Ganyaye da taki da ke ruɓewa cikin laka sai su cinye iskar ƙasan. Dole kifi ya hau. An fi ganin haka a ruwa mai zurfi, kamar madatsar ruwa da tsofaffin ramukan kuza.

Na biyu, abinci. 'Ya'yan ƙwari da ke girma cikin laka sukan taso sama idan lokacin fiffikensu ya yi. Kaf yakan tare su a hanya.

Dabarar masu fatsa na Ingila

A Ingila akwai masu fatsar kaf da yawa, kuma suna da dabarar da suke kira zig. Sukan ɗaura dalma mai nauyi ta zauna a ƙasa. Daga dalmar sai siririn zare ya tashi, da ƙugiya a bakinsa. A jikin ƙugiyar sukan maƙala ɗan guntun soso, baƙi ko rawaya. Soson zai ɗaga ƙugiyar ta tsaya tsakanin sama da ƙasa, daidai tsawon zaren. Kifi ya ɗauka ƙwaro ne, ya haɗiye.

Yadda za ku gwada

1. Ku auna zurfin wurin da igiya da dutse.
2. In zurfin ƙafa 9 ne, ku fara da zare mai ƙafa 6 daga dalma zuwa ƙugiya.
3. Ku yanki robar tsohon silifa kamar ƙwayar masara. Ku gwada a bokiti, ku tabbata tana ɗaga ƙugiyar, kuma ba ta rufe tsinin ba.
4. In awa ɗaya ta wuce shiru, ku ƙara ko ku rage ƙafa ɗaya. Wanda ya fara kamawa ya gaya wa sauran tsawon zarensa.

Mai son tana ko dafaffiyar masara, waɗanda ke nutsewa, sai ya rataye su daga sama da abin da ke iyo, ya auna zaren haka nan. Kada a bar yara su je ramin kuza su kaɗai, gama bakinsa yana da santsi.

Ku lura da tafkin ƙungiya

Kifi ya yi yawo a tsakiya, wannan ba laifi. Amma idan da asuba kuka gan su a saman ruwa suna buɗe baki, to, iska ta ƙare musu. Ranar nan kada ku zuba taki ko abinci. Ku shigo da sabon ruwa nan da nan, ku kama manyan ku sayar don a rage cunkoso. In aka yi sakaci, wahalar shekara guda tana iya lalacewa kafin rana ta fito.