Man riɗin Gadarif: da gaske ba ya tsufa?

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif da ke Sudan, inda ake gwanjon riɗi da dawa da ƙaro, an daɗe ana cewa man riɗi ba ya tsufa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ƙwayar riɗi na ɗauke da sinadarin sesamolin, wanda idan an soya ta yakan rikiɗe zuwa sesamol, shi kuma ya hana iska saurin ɓata mai. Shi ya sa man riɗi ya fi na waken suya juriya. Amma juriya ba dawwama ba ce: in ya daɗe, warinsa kan canza, ya riƙa kartar maƙogwaro.

Sai batun na'urar haske, da wasu ke cewa da an haska kwalba take faɗin ranar da mai zai lalace. Nan an yi ƙari. Fasahar, wadda Karl Norris na Ma'aikatar Noma ta Amurka ya share wa hanya a shekarun 1960, tana aika wani haske da ido ba ya gani cikin mai, ta auna yawan abin da man ya shanye. Halin da mai yake ciki a yau kawai take nunawa, kuma ko wannan ɗin sai an fara horar da ita da samfura masu yawa da aka gwada a ɗakin bincike.

Ranar da ke jikin kwalba lissafi ne ke fitar da ita. Masu bincike kan ajiye mai a zafin wajen digiri 60 don ya yi saurin tsufa, suna auna sinadarin feroksaid a kai a kai, sannan su ƙiyasta lokacin da zai haura 15, iyakar da Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta sa wa man da ba a tace ba. Ƙiyasi ne, da sharaɗin ajiya mai kyau.

Masu tsoron hasken na'urar zai sa wa mai guba su kwantar da hankalinsu. Ɗan uwan ɗumin garwashi ne, ba irin na hoton ƙashi ba.

Abin tsoron shi ne zafin rana. Ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin lalacewa, ga shi a watan Afrilu zafin Gadarif kan haura 40. Jarkar da ta wuni a bakin shago ba za ta kai ranar da aka rubuta mata ba.