Garahuni Da Gyambon Mai Ciwon Sukari: Ina Gaskiyar Take?

A unguwar Gudu ta birnin Abuja, wadda ke maƙwabtaka da Apo da Durumi, akasarin masu neman abinci a tsaye suke wuni. Makanikai da 'yan dako da 'yan tireda suna zirga-zirga cikin ƙusoshi da guntayen ƙarafa, da yawansu kuwa da silifa kawai a ƙafa. Ga mai lafiya, taka ƙusa abin kwana uku ne. Amma ga mai ciwon sukari, wannan ɗan rauni yana iya zama gyambon da zai ci ƙafa. A irin wannan hali ne akan ji 'yan'uwa da abokan arziki suna cewa a nemo garahuni.

Garahuni dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tsiro ne mai yaɗo a kan danga da shinge, ganyensa da ɗaci ƙwarai. Tun kaka da kakanni ana dafa shi a sha domin ciwon ciki da zazzaɓi, ana kuma ba masu jego. Yana da wani ɗan'uwa mai manyan 'ya'ya, wanda mutanen Indiya ke kira karela suna miya da shi, kuma a kan wannan ne aka fi yin bincike. Masana sun sami waɗansu sinadarai a cikinsa masu rage sukarin jini, har da wani mai aiki shigen na insulin.

Game da rauni kuwa, a shekarar 2009 da ta 2014 masu bincike na wata jami'a a ƙasar Malesiya sun shafa wa ɓeraye masu ciwon sukari ruwan wannan tsiro da man da aka haɗa da shi, suka ga raunukansu sun fi saurin haɗewa. Labari ne mai daɗi, sai dai akwai abin lura. An yi gwajin ne a ɗakin bincike, a kan rauni mai tsabta da aka yanka da gangan, da maganin da aka tace aka auna. Gyambon mutum da ya yi wata guda yana mugunya wani abu ne daban. Har ila yau, a shekarar 2012 ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken likitoci, ta duba gwaje-gwaje 4 da aka yi da mutum 479, ta ce babu isasshiyar hujjar cewa tsiron yana maganin ciwon sukarin manya.

Abin da ya sa raunin mai sukari yake da wuyar sha'ani abu uku ne. Na farko, yawan sukari yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, har mutum ya taka ƙaya ko ya ƙone bai sani ba. Na biyu, hanyoyin jini sukan tsuke, watau abinci da iska ba sa isa wurin da ake bukatar sabuwar tsoka. Na uku, garkuwar jiki takan yi rauni, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama har su kai ga ƙashi. Ganye, komai kyansa, ba ya buɗe hanyar jinin da ta toshe, ba ya kuma cire naman da ya mutu. Ganyen da aka daka a turmi aka liƙa ma yana iya shigar da ƙasa da ƙwayoyin cuta cikin raunin.

Illar jinkiri ta fito fili a wani bincike da aka yi daga 2016 zuwa 2017 a manyan asibitoci 6 na Nijeriya, ciki har da na Kano da Zariya da Keffi. Cikin majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa, an yanke wa kimanin kashi 35 cikin 100 ƙafa ko wani sashenta, kashi 20 cikin 100 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Mafi yawansu sai da gyambon ya haura wata guda kafin su zo asibiti.

Shan garahunin ma yana bukatar hattara. Wanda ke shan ƙwayar sukari ko yake allurar insulin, idan ya ƙara da shi, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ainun har ya suma. An gargaɗi masu juna biyu su guje shi domin yana iya jawo ɓari. Irin da ke cikin 'ya'yansa kuma yana iya farfasa jinin masu wata larurar gado da likitoci ke kira G6PD, wadda ta yawaita a ƙasar nan.

Wannan duka ba raini ba ne ga maganin gargajiya. Metformin, ƙwayar da aka fi ba masu sukari a duniya, asalinta daga wani tsiro ne na Turai, kuma a 1957 aka fara gwada ta ga masu wannan ciwo a Faransa. A Idu, cikin Abujan nan, akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da aka kafa a 1987, wadda ta haɗa maganin Niprisan na masu sikila daga itatuwan gida. Ta irin wannan hanya ta gwaji da awo ce garahuni zai bi kafin a ɗora shi a kan ƙafar mutum.

Kafin wannan rana ta zo, shawarar likitoci a bayyane take. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, lokacin alwala kuwa dama ce sau biyar a yini. Ya tsane ruwa sosai, ya shafa mai saboda faso a lokacin hunturu, ya sa takalmi rufaffe, ya kakkaɓe cikinsa kafin ya zura ƙafa, kada kuma ya kai ƙafa kusa da wuta don jin ɗumi. Idan ya ga ƙurji, ko kumburi, ko baƙi, ko ya ji wari, to a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji, a nufi asibiti a ranar. Daga Gudu zuwa Asibitin Garki ko Babban Asibitin Ƙasa tafiyar 'yan mintoci ce. Wanda kuma ya riga ya fara shan garahuni, ya faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, domin a san yadda za a daidaita masa magani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.