Baƙin fensir da ake ɓare shi da ruwan sabulu

Jama'a, makiyaya da fatake, ku dubi fensirin yaranku. Baƙin da ke cikinsa ma'adini ne da ake kira girafayit. Shi ne kuma ake sawa a batirin wayarku da na sola.

Girafayit falle-falle yake, a jibge kamar ƙunshin takardun kuɗi. In aka zare falle ɗaya tak, sunansa ya zama girafin. Kaurin milimita ɗaya na ɗauke da falle kusan miliyan uku, amma fallen nan ya fi ƙarfe mai kaurinsa ƙarfi fiye da ninki ɗari, kuma lantarki na bi ta cikinsa salin-alin. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka zaro shi da salatef a Jami'ar Mancesta ta Ingila, suka ci kyautar Nobel a 2010.

To amma salatef ba zai cika buhu ba. Sai Jonathan Coleman da abokan aikinsa a Dabalin ta ƙasar Ailan suka koma ga ruwa. A 2008 sun zuba garin a wani ruwan sinadari, suka jijjiga shi da ƙarfi har fallayen suka rabu. A 2014 suka nuna cewa injin markaɗe da ruwan sabulun wanke-wanke ma na iya aikin. Sirrin, kun san shi a wankin ƙwaryar nono: gefe ɗaya na ƙwayar sabulu yana kama maiƙo, ɗayan yana bin ruwa. Haka take lulluɓe kowane falle, ta hana shi komawa ya manne da ɗan'uwansa.

Ina ruwanmu a Salaga, Yendi da Bawku? Akwai girafayit a ƙasar Gana, a Kambale kusa da Wa, inda kamfanin Castle Minerals na Ostareliya ya yi ta bincike. Mai sayar da ƙwarar kaɗanya da mai sayar da man kaɗe ba ribarsu ɗaya ba. Haka ma'adini yake, kuɗin na wajen wanda ya sarrafa.

Don haka duk inda maganar haƙa ta taso, ku je gaban sarki da 'yan majalisar gunduma tun da wuri. Ku tambaya: ina burtali zai bi? Wa zai tsare mashaya? A nan za a tace, ko ɗanye za a loda zuwa Tema? Tun ran gini, ran zane.