Ciwon da Kaki Ke Rufewa

A Amurka, tsofaffin sojoji fiye da 6,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma alƙaluman gwamnatinsu sun nuna abin ya fi yawa a cikin fararen fata da 'yan asalin ƙasar a kan baƙaƙe. Masu bincike kan danganta hakan da riƙon addini da zumunci a gidajen baƙaƙen. Sai dai su ɗin ne kuma ba su cika zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba, don gudun gori da rashin yarda da asibiti. Ashe al'umma kan iya tsira daga yawan mutuwa alhali ciwon na nan yana cin 'ya'yanta a ɓoye.

Wannan darasi ya shafe mu. Tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009 ake tura sojoji Borno da Yobe, cikinsu har da 'ya'yan ƙasar Rano da Kibiya. In ɗayansu ya zo hutu gari irin Fammar, sai a ga ba ya barci, salansar babur ta yi ƙara ya zabura, a majalisa ya koma gefe ya yi jugum. Wasu su ce iska ce, wasu su ce shaye-shaye ya fara. Shi kuwa ba zai buɗe baki ba, tunda an raine shi a kan namiji ba ya raki, a bariki kuma yana tsoron a ce ya gaza.

Wani zai ce ai Musulmi ba ya kashe kansa, imani ya wadatar. Gaskiya ne haramcin garkuwa ne babba, amma addinin da ya haramta hakan shi ya yi umarni da neman magani, kuma addu'a ba ta hana ganin likita. Wani kuma zai kawo tsoron hukuma, tunda sashe na 231 na dokar Penal Code ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin. Wannan dalili ne na gaggauta kai mutum asibiti tun abin yana baki, musamman da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta ba majinyaci haƙƙin a rufa masa asiri. Akwai masu duba wannan larura a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk sojan da aka ji yana cewa ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai. Yayansa ko limamin unguwa ya zauna da shi, ya saurare shi, ya raka shi asibiti.