Makamin da ba a wasawa

Ka miƙa wa maƙerin Allakaye ko na Buza wannan ƙarfe, abin da zai fara yi shi ne ya goga babban yatsa a jikinsa yana neman kaifi. Ba zai samu ba. Makamin da mutanen Okinawa, tsibirin da ke kudancin Japan, suke kira "sai" ba ya yanka, kuma da gangan aka ƙera shi haka.

Sandar ƙarfe ce siririya, tsawonta ya ɗan zarce kamu guda, da ƙaho biyu a saman mariƙi masu lanƙwasowa gaba. Bibbiyu ake riƙewa, hannu ɗaya da ɗaya, wasu ma sukan soke na uku a ɗamara. Gwanintar duk tana cikin juyi. Mai shi zai murza yatsu ƙarfen ya kwanta a sangalin hannunsa har ya wuce gwiwar hannu, sara ko duka ya sauka a kan ƙarfe maimakon ƙashi. Kafin ƙiftawar ido ya sake murzawa, sandar ta miƙe ta sami wuyan hannun abokin gaba. Ƙahonnin kuwa aikinsu cafke gora ko takobi, a murɗe, makami ya suɓuce daga hannun mai shi.

Shi ya sa ya dace da masu tsaron gari na Ryukyu, tsohuwar masarautar Okinawa, waɗanda aikinsu ya yi kama da na dogarai: a kamo mai laifi da ransa a kai shi gaban shari'a. Masarautar ta faɗa hannun mayaƙan Satsuma, wani yanki na Japan, a 1609, sannan Japan ta haɗiye ta ɗungurungum a 1879.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa, wai asalinsa kayan noma ne na huda ƙasa a zuba iri, talakawa suka mai da shi makami da aka hana su riƙe takobi. Ni dai labarin bai kwanta mini ba. A wancan zamani ƙarfe abu ne mai tsada a Okinawa, daga waje ake shigo da shi, kuma wanda ya taɓa shuka da sungumi ya san manomi ba zai duƙa yana tsaga rami ɗaya-ɗaya da ɗan guntun ƙarfe ba. Ga shi kuma ana samun irinsa a Sin da Indunusiya, ƙasashen da jiragen fataken Ryukyu suka daɗe suna zuwa.

Da ba don Taira Shinken ba, wanda ya rayu daga 1897 zuwa 1970, da yawancin wannan ilmi ya bi tsofaffin malamai kabari. Shi ya bi su yana tattara jerin motsin da ake kira kata, ya kafa ƙungiyar adana fasahar makaman Ryukyu a 1955. Cikin kata na "sai" da ake koyarwa har yau akwai Chatan Yara da Hamahiga da Tsuken Shitahaku.